Namijin Itace Da Mace: Ganye Ba Shaida Ba Ne

Jama'a, makon nan maganar itatuwa za mu yi, ko da ya ke na san hankalin kowa yana wajen masara da auduga da waken soya. Abin da ya jawo maganar kuwa wani abu ne da na gani da idona ran nan a kasuwar Funtuwa.

Na iske wani saurayi ya jera dashen gwanda cikin 'yan ledoji, ya raba su kashi biyu. Kashi ɗaya ya ce mata ne zalla, kuɗinsu kuwa ninki biyu na sauran. Na tambaye shi yadda ya gane su. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Malam, dubi ganyen mana. Mai faɗi, mai yatsu biyar, ita ce mace. Siririn nan mai yatsu uku shi ne namiji." Mutane kuwa sai saye su ke yi, har da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis masu son dasawa a gidajensu.

Ina nan tsaye sai wani dattijo daga wajen Maska ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ni ma bara haka aka yi mini. Na sayi 20, aka rantse mini mata ne. Da suka yi fure sai 9 suka fito maza." Na ce, "To, Baba, yaya ka yi da mazan?" Ya ce, "Me zan yi da su? Yara na sa suka sare su duka rana ɗaya." Na ce, "Matan fa?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Furen ya yi ta kakkaɓewa. 'Yan waɗanda suka tsaya ma ƙanana ne, ba su yi auki ba." Ashe lambunsa a can ƙarshen fadama ya ke, babu wata gwanda kusa da shi.

Wannan bawan Allah hasara biyu ya yi cikin shekara guda. Ya gaskata ganye ya biya kuɗin banza, sa'an nan ya raina namiji ya rasa 'ya'ya. Ra'ayina shi ne, kuma zan kawo dalilaina, babu mai iya gane namijin itace da mace daga ganyen dashe, kuma manomin da ya sare mazan itatuwansa duka, macen ya cuta.

WAƊANNE ITATUWA KE DA NAMIJI DA MACE?

Mu fara da abin da kowane manomi ya sani. Masara tana da bununi a ka, tana da gemu a gefe inda goyo ke fitowa. Bununin nan shi ne namiji, gemun shi ne mace. In garin bununi bai zuba kan gemu ba, sai ka ɓare goyo ka iske totuwa ba ƙwaya. To, haka al'amarin ya ke ga itatuwa. Tun a 1694 wani likita Bajamushe mai suna Camerarius ya gwada wannan da zurma. Ya tsinke furanninta maza tun ba su buɗe ba, sai ta kasa yin ƙwaya.

Yawancin itatuwanmu, kamar kuka da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da mangwaro, namiji da mace duk a jikin itace ɗaya su ke. Amma akwai waɗanda Allah ya raba, wannan gindi namiji, wancan mace. A ƙasarmu su ne gwanda, da dabino, da giginya, da goruba, da kanya, da danya, da faru. Masana sun ƙidaya, sun ce cikin kowane iri 100 na tsire-tsire masu fure a duniya, kamar 6 ne ke da wannan hali. Amma cikin itatuwan ƙasashen zafi abin ya fi haka yawa. A 1975 an ƙidaya itatuwan wani daji a ƙasar Kosta Rika, aka samu wajen iri 22 cikin 100.

Sai dai a lura, bakinmu na Hausa ya kan rikita mu. Mu kan ce namijin goro, alhali kuwa itacensa dabam ne, ba mijin goro ba ne. Haka namijin kaɗanya, ganyensu ne ya yi kama, amma kama da wane ba ta wane. In kuma kuka ta ƙi 'ya'ya sai a ce namiji ce, alhali kowane furen kuka yana da namiji da mace a cikinsa, wani dalili ne dabam ya hana ta. Watau mun saba kiran duk abin da bai ba mu 'ya'ya ba namiji, daga nan kuwa raini ya shigo.

ABIN DA GANYE KE NUNAWA

Kada a ce na ce babu bambanci ko kaɗan tsakanin ganyen namiji da na mace. Akwai, kuma dalilinsa a fili ya ke.

Ganye shi ne madafin itace. A cikinsa a ke haɗa hasken rana da iska da ruwan da saiwa ta jawo, a yi zaƙin da itace ke rayuwa da shi. Namiji aikinsa na 'yan makonni ne. Ya yi fure, ya saki gari, shi ke nan ya huta sai baɗi. Ita kuwa mace, daga ranar da fure ya kama sai ta yi watanni tana ciyad da 'ya'ya, kowane ɗa da ruwansa da zaƙinsa da ƙwallonsa, duk daga madafin nan. Kowa ya san bambancin akuya mai shayarwa da bunsuru a lokacin bazara.

Saboda wannan nauyi, masu binciken itatuwa sun ga abubuwa kamar haka a iri da yawa. Namiji ya kan riga mace fara fure, ya kan kuma yi kowace shekara, ita kuwa in ta yi 'ya'ya da yawa bana, baɗi sai ta rage. Bayan sun manyanta namiji ya kan fi saurin girma da yawan rassa. Ganyen da ke kusa da 'ya'ya a jikin mace ya kan fi sauran aiki, don haka in ƙasa ba ta da ƙarfi shi ke fara yin rawaya ya zube. Mace kuma ta fi bukatar laima. A 1976 waɗansu masana a jihar Utah ta Amurka suka duba tsire-tsire iri 5, suka ga maza sun fi yawa a tudu da busassun wurare, mata kuwa a inda ruwa ke kwanciya.

Ko cikin lambu akwai misali. Ganyen miyar nan ugu, wanda mutanen Kudu suka kawo mana, har masu noman rani suna shuka shi yanzu, shi ma namiji dabam mace dabam. In sun girma macen ta fi kaurin jiki da faɗin ganye, namijin kuwa ya kan riga ta fure, ganyensa ƙanana.

To, in haka ne, me ya sa na ce ganye ba shaida ba ne? Dalili uku.

Na farko, bambancin nan sai bayan itace ya balaga ya ke fitowa, don nauyin 'ya'ya ne ke kawo shi. Dashen da bai kai wata biyu ba, wane nauyi ya ɗauka? Ita gwanda, ganyenta na fari ba shi da yatsu sosai, na bayansa ya fi shi, haka har ta kai ga babban ganye mai tsage-tsage. Namiji da mace duk haka su ke yi. Saboda haka saurayin nan na kasuwa, manya da ƙanana ya raba, ya ce mata da maza. Ita ma danya, ganyen ƙaramarta yana da haƙora a gefe, na babbar kuwa sumul, ko namiji ko mace.

Na biyu, abin da taki da ruwa da inuwa ke yi wa ganye ya fi abin da zama namiji ko mace ke yi masa nesa ba kusa ba. Wanda ke shakka ya je gindin kanya ɗaya, ya tsinko ganye daga ƙarƙashi cikin inuwa, ya sa yaro ya tsinko wani daga sama inda rana ke duka. Na inuwa zai fi faɗi da laushi, na rana ya fi ƙanƙanta da kauri. Ga shi itace ɗaya ne. Gani ya kori ji.

Na uku, su masanan sai sun auna ganyen itatuwa masu yawan gaske da ma'auni, sun yi lissafi, kana su ga ɗan bambancin. Kuma abin da aka samu ga wannan iri, ga wancan sai a samu akasinsa. Ga misali. A 2005 aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam, aka ce ƙwari sun fi cin ganyen maza, wai don mace ta fi tara ɗaci da bauri na kare kai. Aka daɗe a kan haka. A 2022 waɗansu suka sāke tattarawa da sabon bincike, suka ce ba su ga wannan fifiko ba. In masu ma'auni suna gardama, ina ga mai duban leda a kasuwa?

Game da dattijon nan na Maska kuwa, lissafinsa a shirye ya ke tun 1938, shekarar da Storey a tsibirin Hawai da Hofmeyr a Afirka ta Kudu suka bayyana gadon gwanda. In namiji ya ba macen gwanda gari, 'ya'yan da za a shuka rabi maza ne rabi mata. Maza 9 cikin 20, ai ko da ido rufe ya zaɓa abin da zai samu ke nan.

AMMA AI TSOFAFFI SUNA GANEWA

Na san wani zai ce, "Kakana ko daga nesa ya hangi giginya ya kan ce wannan namiji ne, kuma ba ya kuskure." Gaskiya ne, ban musa ba. Amma a tambaye shi da kyau. Babban itace ya ke nufi, wanda ya sani tun yana yaro. Ya san wadda yara ke jifa da wadda ba a jifa. Yana duban ƙasa ya ga ƙwallo ko busasshen fure. Masu lambun dabino su kan ce namiji ya fi yawan ƙaya da cikar kai, masu azara kuma su kan ce ta namijin giginya ta fi ƙarfi da jure gara. Duk wannan sani ne na gaske, amma na manyan itatuwa ne. Ba shi da amfani ga ɗan dashe.

Akwai hanya ɗaya ta gane ɗan dashe daga ganye, amma ba da ido ba. A 2004 masana a Hawai suka gano inda alamar namiji da mace ta ke cikin ƙwayoyin gadon gwanda. A 2011 kuma aka yi irin wannan ga dabino a ƙasar Katar. Yanzu a kan yanki ɗan ganye a kai ɗakin gwaji, a faɗa maka ko mene ne. Aiki ne na injuna da kuɗi. Duk wanda ya ce maka ya iya shi da ido a bakin kasuwa, ko ya ruɗi kansa ko yana so ya ruɗe ka.

ME YA SA ZA A BAR NAMIJI?

Tun da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, masara da takin zamani suka cika ƙasar nan, daga Bakori zuwa Malumfashi, daga Ɗandume zuwa Faskari. An samu alheri, ba mai musu. Amma masara ba ta son inuwa, garmar shanu da tarakta ba su son kututture. Ga kuma masu gawayi da masu sassaƙa turmi suna bi gona gona da kuɗi a hannu. In manomi zai rage itace a gonarsa, wanne ya ke fara nunawa? Wanda ba ya 'ya'ya. Kanyar da yara ba su taruwa a gindinta, danyar da ba ta zubad da nunu.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A 2003 an buga wani bincike da aka yi a arewacin ƙasar Namibiya kan 'yar'uwar danyarmu, wadda su can su ke kira marula. Aka iske cikin manyan itatuwan gonaki mata sun rinjayi maza, don mazan a ke sarewa. Giginya kuwa nata ciwon dabam ne. Namijinta darajar azararsa ce ke jawo masa gatari, ƙwallayen macen kuma a kwashe a binne don muruci. An ci ta gaba da baya ke nan.

Abin da a ke mantawa shi ne, garin furen namiji ba ya da ƙafa. Na dabino iska ke ɗaukarsa. Na kanya da danya kudan zuma da 'yan'uwansa ke kaiwa. Na gwanda yawanci ƙwarin dare ne masu kama da malam-buɗe-littafi. Duk waɗannan suna da iyakar tafiyarsu. In namijin ya yi nisa, kaɗan ne zai iso, furen mace ya bushe ya zube. Abin haushin kuma shi ne, hasarar ba ta zuwa da ƙara. Kai ka sare namiji a gonarka ka karɓi kuɗin gawayi, kanyar maƙwabcinka ta rage 'ya'ya, matan da ke kai ta kasuwa da hunturu su ce shekara ce ba ta yi kyau ba. Daga baya ita ma a ce ta tsufa, a sare ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mace ita kaɗai ba ta cika kwando.

Mutanen ƙasashen Larabawa sun san wannan tun zamanin da. Su da hannu su ke hawa su sa reshen furen namijin dabino cikin na mace, kuma da haka namiji 1 ya kan ishi mata wajen 50. Ba su tara maza barkatai, amma ba su taɓa rabuwa da su.

Mai masara zai ce, "Inuwar fa? Ni ke hasarar kunya goma a ƙarƙashinsa." Maganarsa tana kan hanya. Amma tsakanin sarewa da bari akwai sassabe. Tun da namiji ba ya ɗauke da 'ya'ya, shi ya fi jure a rage masa rassa. A jira ya gama fure, a rage na ƙasa da waɗanda suka shiga gona, a ba awaki ganyen danya da na faru lokacin da ciyawa ta yi wuya, a kai itacen murhu. Ita mace a ƙyale mata ganyenta, don kowane reshe da ka datse, madafin 'ya'yanta ka rushe.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Mai dasa gwanda kada ya ƙara ko kwabo don an ce masa mace ce. Ya sa dashe 3 a kowane rami, tsakanin rami da rami kamar taku 3. Cikin wata 4 zuwa 6 za su yi fure. Furen namiji ƙanana ne masu yawa, suna reto a kan dogon sanda. Na mace babba ne, manne da jikin gwandar a hammatar ganye. Sa'an nan ne za a cire, a bar ɗaya a rami.

2. A bar namiji 1 ga kowane mata 10, a warwatse cikin lambu, ba a kusurwa ɗaya ba. Kafa masa ƙusa ko sare masa kai ba ya mai da shi mace. Wani namijin ya kan yi 'yan 'ya'ya masu reto in yanayi ya sāke, amma ba abin dogara ba ne.

3. Wanda ba ya son wahalar maza ya nemi irin gwanda mata-maza, mai dogayen 'ya'ya, kamar wadda a ke kira Solo. Furenta yana da namiji da mace tare. In ita ta ba kanta gari, cikin 'ya'yanta 3, biyu mata-maza ne ɗaya mace, babu namiji. Amma a sayi irin a wurin da aka amince da shi.

4. Mai son dabino ya nemi ɗan da ya tsiro a gindin uwar da aka san 'ya'yanta, don ɗan gindi halin uwarsa ya ke ɗauka. Ƙwallo kuwa rabi maza zai ba ka, kuma sai ka yi shekaru kana ban ruwa kafin ka sani. Akwai tashar binciken dabino a Dutse ta Jihar Jigawa, ga mai neman ƙarin bayani.

5. Ita ma danya, babban reshenta ya kan kama in an kafa shi da farkon damana. Reshen mace mace zai zama, na namiji namiji.

6. Da rani, lokacin da danya da faru ke fure ba ganye, kowa ya zaga gonarsa ya duba, haka kuma kanya in nata lokacin ya zo. A shafa wa maza alama da fenti. Maƙwabtan gona su zauna su shirya waɗanda za a bari, musamman na kan iyaka, kada kowa ya dogara ga na wani har a wayi gari babu ko ɗaya.

7. Taki da ban ruwa a fifita mace, musamman bayan shekarar da ta yi 'ya'ya da yawa. In za a dasa sabo, mace a kwari, namiji a tudu. A kuma guji fesa maganin ƙwari kusa da itace mai fure, don kada a kashe 'yan aiken.

Ina kuma roƙon malaman gona da malaman daji na Funtuwa da Malumfashi, in suna raba dashe su riƙa faɗa wa mutane gaskiya cewa kanya da dabino da gwanda na ƙwallo sai an jira fure. Masu unguwanni da dagatai su ma, in an zo neman izinin sare itace, su tambaya ko akwai wani namijin irinsa kusa. Masana na Samaru kuwa, da za su zo su ƙidaya mana maza da matan kanya da danya da suka rage a gonakin Maska da kewaye, da sun yi mana babban aiki.

Shi dattijon nan, kafin mu rabu na ce masa, "Baba, bana ka dasa uku uku, ka bar maza biyu." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe har itace ba ya son zawarci." Na ce ko kusa.

Duk manomin da ya taɓa lura da wani bambanci tsakanin ganyen namiji da na mace a itatuwan gonarsa, ya rubuto mana, ya faɗi irin itacen, da inda ya ke, da ko ya ga furensa da idonsa. Za mu buga a wannan fili don kowa ya ƙaru. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.